Yafiya Kwabo-Kwabo: Abin Da Na Koya Wurin Mma

Yau shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alƙalami a zauren Mai Unguwarmu a nan Zongon Kumasi. Duk sulhun da aka yi a zauren, na aure ne, na gado ne, na bashi ne, ko na iyakar fili, ni nake rubuta shi a littafi, in karanta wa jama'a, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Littattafan sun cika akwati guda. Amma idan aka ce in zaɓi shafi ɗaya wanda ya fi kowane yi mini aiki a rayuwata, zan zaɓi na wata mata Kirista wadda ta zauna a ɗakin ƙarshe na gidan mahaifina sama da shekara talatin. Allah Ya yi mata rasuwa a watan Maris na 2025, lokacin da azuminmu na Ramadan ya haɗu da azuminsu na kwana arba'in. Ba zan faɗi sunanta ba, domin 'ya'yanta da jikokinta suna nan da rai. Mu dai Mma muke ce mata tun muna yara, kuma da wannan sunan zan kira ta a nan.

Mma 'yar ƙabilar Dagaba ce daga wajajen Jirapa, can arewa maso yammacin Gana, inda limaman Katolika suka kafa zama tun 1929. A cikin wannan addini aka haife ta, a cikinsa ta yi aure. Mijinta magini ne, mai hannu mai kyau, shi ya gyara mana katangar bayan gida a shekarar da suka kama haya wurinmu. Gidan mahaifina irin gidajen nan ne na Zongo: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, madafa ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai Bahaushe, akwai Bamoshe, akwai Bazabarme, ga kuma su. Idan mahaifina ya fita sallar Asuba, sau da yawa yakan tarar da fitilar ɗakinta a kunne, tana durƙushe da carbinta. Ran Lahadi ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ja yaranta zuwa babbar majami'ar Katolika da ke kan tudun da ake kira Roman Hil, wadda ba ta da nisa da Zongo. Ba ta taɓa shigo mana da abin da addininmu ya hana cikin gida ba, mu kuma ba wanda ya taɓa ce mata uffan a kan nata.

A 1980 mijinta ya ce zai tafi Najeriya. Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda zamanin yake. Kuɗin man fetur ya buɗe ƙasar, Gana kuwa sabulu da sukari ma sai an yi layi. Malaman makaranta, magina, teloli, direbobi, kowa ya kama hanyar Legas, har ta kai idan aka ce wane ya tafi Agege, an san neman kuɗi ya tafi. Ya bar mata ɗa namiji tsarana, da 'ya mace, da ciki. Ya ce shekara biyu zai yi, ya dawo ya sayi fili. Shekarar farko saƙo yana zuwa ta hannun direbobi: 'yan kuɗi, atamfa, madarar gwangwani. Shekara ta biyu saƙon ya fara ja da baya. Kafin ta uku ya ɗauke ɗif.

Sai ga watan Janairu na 1983. Gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutanen Gana wajen miliyan guda suka yo gida, wasu ta kan iyakar Aflawo, wasu a jiragen ruwa zuwa Tema, kowa da jakar nan mai zane-zane da har gobe ake kiranta da sunan ƙasarmu. Dattawan Zongo ba su yi mamaki sosai ba, domin sun tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta yi wa baƙi irin wannan kora, har wasu daga cikin danginmu suka tafi ba su sake dawowa ba. Mahaifina yakan girgiza kai ya ce ramuwar gayya tsakanin ƙasashe, talaka ne yake biyan kuɗinta.

Kowace safiya Mma sai ta goya jaririyarta ta nufi tashar Kejetiya, ta tsaya inda manyan motoci suke sauke mutanen da suka dawo. Ta duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi duk wanda ta ji yana yarensu. Da yamma ta dawo ƙafafunta fari fat da ƙura. Mahaifiyata ta ce, "Yaya dai?" Ta ce, "Sai gobe." Haka ta yi ta yi har motoci suka daina zuwa. Mazan unguwa sun dawo, mai rai ya dawo da ransa, wanda ya mutu a hanya an kawo labarinsa. Nata mijin babu shi, babu labarinsa.

Shekarar kuma ita ce shekarar yunwa. Fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, aka riƙa kiransa sarƙar Rolins. Na ga manya suna layin sayen ɗanyen dokunu su kai gida su dafa da kansu, don idan suka jira ya dahu ba za su samu ba. A cikin wannan hali ƙaramar 'yar Mma ta kamu da gudawa. Kwana huɗu ta yi. Ni da babban ɗanta muna zaune a bakin famfo muka ji kukan da ya fito daga ɗakin ƙarshe, kuka ɗaya tak, sannan shiru. Mahaifina ya aika aka kira mutanen cocinsu, shi ya ba da kuɗin katakon akwati. Yaron nan abokina, ɗan shekara goma sha biyu, shi ya tsaya a matsayin uba a bakin kabari.

Daga ranar mahaifina ya ce kada a sake karɓar kuɗin haya a hannunta sai ranar da ta ga za ta iya. Mma ba ta so haka ba. Ta ce, "Alhaji, idan ba ka karɓi kuɗi ba, to ka bar ni in biya da ƙarfina." Ita ke share tsakar gida, ita ke kama wa mahaifiyata daka, kuma duk watan azumi ita ke hura wutar sahur kafin matan gida su tashi. Ta sami kasko da waya ta fara gasa masara da doya a bakin titi. Da wannan gashin ta biya kuɗin makarantar yara biyu, da shi ta kai ɗanta koyon gyaran mota a Suwame. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci jiran nata zaman naɗe hannu ne. Tana jira tana fifita gawayi.

A lokacin ina makarantar allo, na fara iya rubutun ajami. Mahaifina yana da abokan cinikin goro a cikin Hausawan Agege, sai ya riƙa zaunar da ni yana faɗa ina rubutawa: ana cigiyar wani magini, ga kamanninsa, ga tsagen fuskarsa, duk wanda ya gan shi ya taimaka don Allah. Mma tana tsugune a gefe, ba ta san harafi ɗaya ba, amma idan na gama sai ta karɓi takardar ta riƙe a tafinta, ta rufe ido ta motsa leɓɓanta, sannan ta miƙo. Wasiƙu nawa muka aika, ban riƙe lissafi ba. Wannan shi ne aikin magatakarda na farko da na yi a duniya.

Masu neman aurenta sun fito, don mace ce mai tsabta da kamun kai. Wata rana na ji mahaifina yana yi mata bayani. Ya ce a fiƙihunmu na Malikiyya, matar da mijinta ya ɓata takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a ɗiba mata shekara huɗu, ta yi idda, sannan ta yi aure idan ta so. Ya tambaye ta ko a wurinsu akwai irin wannan ƙofa. Ta ce a cocinsu auren da aka ɗaura a gaban Fada mutuwa ce kaɗai take kwance shi, ita kuwa ba ta ga gawa ba, ba ta ga wanda ya ga gawa ba. Ta ce, "Alhaji, na yi alkawari a gaban Allah. Idan shi ya manta nasa, ni ban manta nawa ba." Mahaifina bai sake tayar da zancen ba.

Bayan shekara takwas da korar, wani ɗan kasuwar goro ya sauka a gidanmu ya kawo amsa. Mutumin yana nan da rai a Legas. Ya ɓuya lokacin kora, ya sami aiki, ya ajiye wata mata, har da yara. Mahaifina ya kwana bai yi barci ba yana tunanin ko ya faɗa mata ko ya rufe. Da safe ya ce amana ce, mai ita ya kamata ya karɓa. Ya kira ta zaure tare da mahaifiyata ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yana da lafiya?" Aka ce lafiya lau. Ta ce, "To, na gode." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Kwana uku kaskonta yana kife. Fitilar asuba ma ba ta kunnu ba. Ran Lahadin makon ba ta je coci ba, abin da ba mu taɓa gani ba. Shekaru da yawa bayan haka na tambaye ta abin da ta yi a cikin kwanakin nan. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, faɗa na yi da Ubangijina. Na ce maSa shekara goma sha ɗaya ina roƙonKa Ka tsare mini shi, ashe Ka tsare shi, ga wata Ka kai shi." Ni da na taso a gaban malamai, maganar ta yi mini nauyi a kunne, har na yi istigfari a zuciyata. Ta lura. Ta ce a cikin littafinsu akwai Zabura ta Dawuda, akwai labarin Ayuba, kuma bayin Allah na cikinsu sun kai kukansu gare Shi ba su ɓoye ɗacin ransu ba. Ta ce wanda ya kai kuka ga Allah bai bar ƙofarSa ba, wanda ya daina magana da Shi ne ya tafi. Sai na tuna Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma bai kai ƙarar baƙin cikinsa ga kowa ba sai ga Ubangijinsa. Ran kwana na huɗu ta fito ta hura gawayinta.

Shekaru suka shuɗe. Ɗanta ya zama babban makanike a Suwame, yana da yara a ƙarƙashinsa, ya yi aure, ya gina ɗan gida a bayan gari ya ware mata ɗaki. 'Yarta ta yi aure a Akra. Mma takan je wurin ɗanta ta yi kwana biyu ta dawo, ta ce ta saba da Zongo. Ni dai na san dalilin da ba ta faɗa: wannan ne kaɗai adireshin da mijin ya sani.

Shekara ashirin da huɗu da tafiyarsa, wata yammar Laraba, wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Direba da yaronsa suka sauko da wani tsoho, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, kayansa duka a jaka ɗaya. Ciwo ya kama shi, aiki ya ƙare, waccan matar ta kwashe yaranta ta tafi, 'yan garinsu da ke can suka haɗa masa kuɗin mota. Ban gane shi ba. Mma tana dawowa daga bakin titi da tire a ka, ta tsaya, ta dube shi tsawon lokaci. Ta sauke tiren a hankali ta ce wa yaran gida, "Ku kawo masa ruwa."

Kafin sallar Isha ɗanta ya iso. Ban taɓa ganin abokina a irin wannan hali ba. Ya rantse mutumin nan ba zai kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da uwarsa ba, ya ce a mayar da shi tasha inda aka ɗauko shi. Da ƙyar mahaifina ya lallashe shi aka kwantar da tsohon a zaure. Kasancewar a Zongo yaran suka tashi, kuma Mai Unguwa uba ne ga kowa a unguwar, sai aka ce a kai maganar gabansa. Lokacin ban daɗe da kama aikin magatakarda ba. Ran Asabar aka zauna: Mai Unguwa, limamin unguwa, mahaifina, katikis na cocinsu da dattawan Dagaba biyu, sai Mma da ɗanta, da tsohon a kan tabarma an jingine shi da bango.

Ɗan ne ya fara magana, da Hausarsa ta Zongo tsantsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. A tambaye shi ina aka binne ƙanwata. A tambaye shi sunanta ma." Zaure ya yi tsit. Tsohon ya sunkuyar da kai, don an haife ta ba ya nan, kuma ya manta sunan da aka aika masa. Ɗan ya ci gaba, ya lissafa daren da suka kwana da ruwan zafi da gishiri, da ranar da aka kore shi daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, da tabon wuta da ke hannuwan uwarsa. Ya ce, "Yanzu da ya zama kaya, shi ne ya tuna yana da gida." Wallahi babu wanda ya iya cewa ya yi ƙarya. Alƙalamina yana rawa nake rubutawa.

Mai Unguwa ya juya ya ce, "Mma, ke muke saurare." Ta gyara zama. Ta ce akwai addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda kowane Kirista yake yi kullum, kuma a cikinta akwai wurin da mutum yake roƙon Allah Ya yafe masa gwargwadon yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka yi masa laifi. Ta ce tun ranar da labarin Legas ya zo, idan ta kai wannan wurin sai harshenta ya ƙi. Shekara uku tana tsallake shi, tana addu'a mai giɓi. Sai wata rana tsoro ya kama ta, ta ce idan mutuwa ta same ta a haka, da wane ma'auni za a auna mata? Ta fara tilasta wa bakinta faɗin kalmomin alhali zuciyarta ba ta yarda ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban yafe masa rana ɗaya ba. Yadda na biya Alhaji kuɗin hayarsa, haka na biya wannan, kwabo-kwabo. Yau in yafe masa yunwar, gobe in yafe masa matar, jibi in tashi in tarar fushin ya dawo, in sake daga farko. Na yarinyar nan shi ya fi daɗewa. Amma kafin motar nan ta sauke shi, na riga na gama biya."

Sannan ta kawo abin da ban zata ba. Ta ce tana da sharaɗi biyu. Na farko, ya faɗa da bakinsa a gaban mutanen nan cewa ya zalunce su, kada ya laɓe bayan ƙaddara ko wahalar zamani, kuma a ɗauke shi a kai shi kabarin yarinyar a faɗa masa sunanta ya maimaita. Na biyu, gidan da ɗanta ya gina na ɗanta ne, babu hannun uban a ciki, kuma kada wani, Fada ne ko Mai Unguwa, ya matsa wa yaron. Ita za ta yi jinyarsa a ɗakinta na haya. Ta ce a cikin Linjila akwai misalin ɗan da ya karɓi gadonsa ya je ya lalatar, ya dawo uban ya yi masa liyafa. Kowa yana maganar wanda ya dawo, amma ita babban wan take tunawa, wanda ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Uban bai zage shi ba, fita ya yi ya same shi a waje yana lallashi. Ta dubi ɗanta ta ce, "Fushinka yana da dalili. Ni na ɗauki shekaru kafin in kai nan, ba zan ce ka kai a kwana uku ba. Zan jira ka kamar yadda na jira shi."

Limaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce wannan magana ta tuna masa ƙarshen Suratu Yusuf. Ya ce ku lura, sai da 'yan'uwan suka amsa laifinsu da bakinsu sannan Annabi Yusuf ya ɗauke musu zargi. Kuma da suka roƙi mahaifinsu ya nema musu gafara, bai yi nan take ba, alkawari ya yi musu cewa zai yi nan gaba, har malaman tafsiri suka ce ya jinkirta ne zuwa lokacin sahur, wasu suka ce zuwa daren Juma'a. Ya ce ke nan amsa laifi yana da muhallinsa, jinkiri ma yana da nasa. Tsohon ya yi ta ƙoƙari da karkataccen bakinsa har ya fitar da kalmomin, hawaye yana bin gemunsa. Na rubuta, aka dangwala yatsu.

Abin da ya biyo baya ya fi zaman zauren wuya. Jinyar mai shanyewar jiki sai wanda ya yi ta ya san ta: ɗagawa, juyawa, wanke shimfiɗa, ba da abinci a baki. Wani lokaci nakan ji ta tana yi masa faɗa da yarensu, sannan in ga ta fito da kwanon koko tana fifitawa. Ɗan kuwa wata takwas bai taka ɗakin ba. Sai dai duk ƙarshen wata yakan kira ni gefe ya ba ni kuɗi ya ce, "Na magani ne, kada ka ce daga wurina." Mma ta san daga inda suke, ba ta taɓa nunawa ba. Wata Lahadi ya zo gaishe ta ya tarar tana fama ta ɗaga tsohon zuwa bayi, bayanta ya riƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya cire agogonsa ya ce, "Mma, matsa." Ya sungume shi kamar yaro. Daga ranar shi yake zuwa yi masa aski. 'Yar kuwa ba ta zo ba sai ranar jana'iza, bayan shekara biyu da 'yan watanni, kuma har yau ba ta son a ambaci sunansa. Mma ba ta taɓa ganin laifinta ba.

Yanzu bari in zo kan kaina, don ba domin in yabi mamaciya kawai na ɗauki alƙalami ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, saɓani ya shiga tsakanina da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya a kan wannan gidan. Ya karɓi kuɗin hayar shekara biyu na ɗakuna uku ba da sanin kowa ba, ya tafi Akra da su. Da na yi magana ya faɗa mini kalmar da ba zan maimaita ba. Na yanke shi. Shekara bakwai ba gaisuwa, ba Sallah, ba suna. Na san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, na san abin da aka faɗa a kan mai yanke zumunci, ni ma nakan karanta wa masu husuma su a zaure. Ina rubuta sulhun mutane da rana, in kwana da nawa ƙullin da dare, ina gaya wa kaina gaskiya ce a hannuna. Kuma gaskiyar ce a hannuna, shi ya sa abin ya daɗe.

Wata rana na je gaishe da Mma a gidan ɗanta, inda ta koma da tsufa ya kama ta. Ta tambaye ni ƙanena, na kau da zance. Ta ce, "Malam, littafin nan naka, akwai shafin da ka bar wa kanka?" Na ce, "Mma, shi ya yi laifi, shi ya kamata ya zo." Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ni ma nawa shi ya yi laifi. Amma da na jira sai ya zo sannan in fara, da ya tarar da ni ban tara ko kwabo ba. Ba na ce ka bar masa haƙƙinka ba. Ka fara da abin da za ka iya. Ka sa sunansa a addu'arka gobe da asuba, ko da bakinka ne kawai ya yarda."

Na yi. Makon farko kamar ina tauna tsakuwa. Bayan wata biyu na aika wa 'ya'yansa goron Sallah. Bayan wata shida na hau mota zuwa Nima na yi sallama a ƙofarsa. Ba zan ce muku mun rungumi juna muna kuka ba. Mun gaisa, mun ci tuwo, mun yi zancen ruwan sama da tsadar siminti. Sai da zan tafi, a bakin titi, ya ce, "Yaya, kuɗin nan zan biya." Ya biya rabi, saura har yau. Mun koma zumunci, ko da yake bai kai na da ba. Akwai safiyar da nake tashi in ji kalmar nan tasa tana yi mini zafi kamar jiya ya faɗe ta, sai in sake daga farko.

Na san wani zai ce me ya sa mai karatun allo zai kawo mana darasi daga Kirista. Aƙidata daban, tata daban, ba ta taɓa neman in bar tawa ba, ni ma ban ɓoye mata abin da na yi imani da shi ba. Amma maƙwabciya ce, addinina ya ɗora mini haƙƙinta, kuma adalci ne in faɗi alherin da na gani da idona. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya shiga majami'ar Katolika a Akra ranar Ista ta 2019 don ya gaisa da maƙwabta, bai rage komai daga Musuluncinsa ba. Mu 'yan Zongo, da muke tsiraru a tsakiyar mutanen da mafi yawansu Kirista ne, mun fi kowa sanin darajar wannan.

Roƙona ɗaya: kada wani magidanci ya ɗauki labarin Mma ya mai da shi sanda, ya ce wa matar da yake zalunta ta yi haƙuri irin nata. Ita ta zaɓi hanyarta bisa alkawarin addininta, ba wanda ya ɗora mata, kuma ba ta yarda a shafe laifi ba tare da an ambace shi ba. Matar da shari'a ta buɗe wa ƙofa ta bi, ba ta yi laifi ba. Mai son ya yi koyi da Mma ya fara duba wanda shi yake riƙe da shi a zuciya.

Ranar da za a kai ta, mun je mu da yawa daga Zongo, muna azumi, muka zauna a ƙarƙashin rumfa muka yi wa 'ya'yanta ta'aziyya. Ƙanena ya taso daga Akra, a benci ɗaya muka zauna. Abokina ya gaya mini ta bar wasiyya a binne ta kusa da yarinyar. Ɗakin ƙarshe yanzu wani ɗalibi ne a ciki, amma tsofaffin gidan har yau ɗakin Mma suke ce masa.

Allah Ya ba mu haƙurin da ba ya hana neman halal, Ya sassauta zukatanmu ga 'yan'uwanmu tun muna da sauran lokaci, Ya zaunar da Zongo da ƙasarmu lafiya. Wanda yake da wani da ya daina yi wa sallama, ga asubar gobe nan tafe. Wassalamu alaikum.